Tunawa da Marigayi Malam Aminu Kano (1920–1983): Yadda Talaka Ya San Haƙƙinsa a Gaban Shari'a

Kamar yadda muka saba, a kowace fitowa ta wannan mujalla mukan keɓe wasu shafuka domin tarihin wani bawan Allah da ya riga mu gidan gaskiya, wanda rayuwarsa ta taɓa rayuwar mutanen ƙasar Malumfashi. A bana alƙalaminmu ya faɗa kan mutumin da ba a haife shi a garinmu ba, ba shi da ko taki ɗaya na gona a ƙasar Galadima, amma da wuya a sami gida daga Dayi zuwa Ƙafur, daga Ƙanƙara zuwa Funtuwa, wanda dattawansa ba su da labarin da za su bayar a kansa, ko na so ko na ƙi. Wannan mutum kuwa shi ne Malam Aminu Kano, Allah ya jiƙansa da rahama.

Dalilinmu a fili yake. Da yawa daga cikinmu muna zaune a Kano da Kaduna da Abuja da Legas da Fatakwal da Jos, muna neman halaliyarmu a tsakanin mutanen da ba su san iyayenmu ba. Ranar da aka kama ɗan wani daga cikinmu, ko aka rushe masa rumfa, ko aka hana 'yarsa gurbin karatu saboda asalinta, ba Galadima zai kira ba, ba kuma mai unguwa ba. Abin da zai dogara da shi, bayan Allah, wasu sassa ne da ke rubuce a kundin tsarin mulkin ƙasa. Waɗannan sassa kuwa ba daga sama suka faɗo ba. Akwai waɗanda suka sha bulala da ɗauri kafin a rubuta su, kuma Malam Aminu yana sahun gaba cikin waɗanda suka ja wannan ayari.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a watan Agusta na 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun Alƙalin Kano, daga zuriyar Fulanin Genawa waɗanda aka sani da ilimin fiƙihu da alƙalanci. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma mai karatu ce, kuma a hannunta ya fara sanin baƙi. Wannan asali yana da muhimmanci ga duk mai son fahimtar abin da ya biyo baya. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ya san abin da littattafan Malikiyya suka tanada game da shaida da rantsuwa da haddin hukunci, sa'annan ya ga da idonsa yadda ake gudanar da shari'a a zaure idan mai ƙarfi yana da ra'ayi a cikinta. Tazarar da ke tsakanin abin da ke littafi da abin da ke faruwa a zaure ita ce ta dame shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ya yi makarantar elementare ta Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, daga nan a 1937 ya shiga Kwalejin Kaduna, wadda asalinta ita ce Kwalejin Katsina, ta kuma zama Barewa daga baya. Ya fito a 1942 da shaidar malanta aka tura shi Midil ta Bauchi.

A Bauchi ne Allah ya haɗa shi da mutum biyu da suka yi tasiri a kansa ta fuskoki mabambanta: Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai natsuwa da bin abu sannu, da Malam Sa'adu Zungur, malami, mawaƙi, mai kaifin harshe da ba ya ragawa kowa. Zuciyar Aminu ta fi karkata ga Sa'adu. Tare suka raya zauren tattaunawa na Bauchi, inda ma'aikatan En'e da malaman makaranta da Turawan mulki kan zauna a yi muhawara. Sai dai zaman bai yi tsawon rai ba, domin da tambayoyi suka kai ga mulkin sarakuna da kuma ma'aunin da ake bi a yanka wa sarki albashi, hukuma ta ga abin ya wuce gona da iri. A 1946 ya sami tallafin karatu zuwa Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Can ya yi cuɗanya da 'yan jam'iyyar Leba da ɗalibai daga ƙasashen da ke neman 'yanci, ya kuma yi nazarin gwagwarmayar Gandhi ta Indiya. Da ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, aka mayar da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru a lardin Sakkwato, kuma daga can ne ya ajiye aikin gwamnati a ƙarshen 1950.

Ƙasar auduga a zamanin En'e

Domin matasanmu da aka haifa a birane su gane abin da ake magana a kai, ya kamata mu tsaya kaɗan mu dubi yadda kakanninsu suka rayu a wancan lokaci.

Kudancin Katsina ƙasa ce mai albarka, kuma albarkar ce ta jawo mata ido. Tun da jirgin ƙasa ya iso Funtuwa, kamfanin BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a wannan yanki, manominmu ya zama mai noma wa masaƙun Ingila. Ba shi ke yanke farashi ba. Hukumar ciniki ce ke yankewa, malamin fuloti ne ke duba audugarsa ya ce lamba ɗaya ce ko lamba biyu, mai sikeli ya faɗi nauyinta, shi kuwa bai iya karanta abin da sikelin ya nuna ba. Kuɗin da ya karɓa ba su kwana a aljihunsa, domin daidai lokacin kaka ne ake bin haraji, wanda ke kan kowane baligi namiji, ko damina ta yi kyau ko ta ƙi. Bafillace kuma yana da jangali a kan kowace saniya. Bayan waɗannan da doka ta sani, akwai waɗanda al'ada ta ɗora: noman gandun masu sarauta ba lada, gyaran hanya da gidan baƙi idan Di'o zai zo rangadi, da gaisuwar da ba a shiga zauren babba hannu rabbana. Wanda ya kasa biyan haraji kan sayar da akuyarsa, ko ya jinginar da gona, ko ya bi dare ya bar gari.

Ba muna cewa duk mai riƙe da sarauta a wancan zamani azzalumi ba ne. An yi hakimai da dagatai da alƙalai masu tsoron Allah, kuma tsofaffinmu suna ambatonsu da alheri har yau. Matsalar tana ga tsarin kansa. Hukumar En'e ita ke da 'yan doka masu kamawa, ita ke naɗa alƙalin da zai yi hukunci, ita ke biyansa albashi, ita kuma ke da gidan yarin da za a kai mutum. Majalisar sarki kotu ce mai cikakken iko, har da na hukuncin kisa. Lauya ba shi da izinin tsayawa a kotun alƙali ko ta sarki. To, idan ƙarar talaka a kan ita hukumar ce, wa zai kai wa?

Jam'iyyar Neman Sawaba

Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu matasa takwas suka kafa NEPU a Kano, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Ɗambatta. Malam Aminu yana aikin gwamnati a lokacin, saboda haka sunansa ba ya cikin takwas ɗin, amma kowa ya san da hannunsa. A 1953 ya zama shugabanta. Sunanta na Hausa Jam'iyyar Neman Sawaba, alamarta tauraro, kuma sanarwar manufofinta ta 1952 ta fito ƙarara ta raba al'ummar Arewa gida biyu, masu mulkin En'e da talakawa, abin da ba a taɓa jin wata ƙungiya ta furta a bainar jama'a ba.

A fagen zaɓe NEPU ba ta yi sa'a ba. A 1951 ta yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma zaɓen na hawa-hawa ne, kuma an ba En'e damar cusa nata mutane a matakin ƙarshe, saboda haka ko mutum ɗaya nata bai kai majalisar Kaduna ba. Shi kansa Malam ya faɗi a 1954 a hannun Maitama Sule, wanda ya riga ya koma NPC, ya sake faɗuwa a 1956. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a majalisar wakilai ta tarayya, ya rasa ta a 1964. Wanda zai auna shi da yawan kujeru zai ce bai taɓuka komai ba.

Amma aikin NEPU na haƙiƙa a kasuwannin ƙauye aka yi shi, da tashoshin mota, da rumfunan teloli da mahauta da 'yan koli. Garuruwan ciniki irin su Funtuwa, inda baƙi suka yi yawa kuma mutum ba ya cin abinci daga hannun mai sarauta, sun karɓi wannan kira da wuri, kuma a cikin wannan jam'iyya ne marigayi Alhaji Wada Nas ya fara siyasarsa. Abin da masu lacca ke koya wa mutane ba wani abu ne mai zurfi ba. Idan ka biya haraji ka karɓi rasit. Noman gandu ba ya cikin doka. Idan alƙali ya yanke maka hukunci kana da ikon ɗaukaka ƙara, kuma neman hakan ba rashin kunya ba ne. Malam Aminu, da yake malami ne mai tafsiri, yakan kafa hujjarsa da Alƙur'ani da Hadisi da littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Malam Abdullahi na Gwandu, yana nuna cewa waɗanda suka kafa daular da sarakuna ke gado su ne farkon masu yaƙi da harajin zalunci da cin hanci a wurin shari'a. Wannan ne ya sa ya yi wuyar kayarwa. Da da harshen Turawa kawai ya zo, da an ce kafirci ne an huta.

An biya farashi mai tsada. Laifuffukan da aka fi ɗaure 'yan NEPU a kansu su ne yin taro ba izini, da zagin hukuma, da ɓata sunan sarki, alhali izinin taron a hannun wanda za a soka yake. An yi wa mutane bulala a bainar jama'a, an ƙwace gonaki, an kori wasu daga garuruwansu, an raba aure, an ƙi bin wasu salla. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar, an ɗaure ta fiye da sau goma. Gaskiya kuma ita ce, su ma samarin NEPU ba duka ne masu ladabi ba. An yi waƙoƙin cin mutunci, an yi fito-na-fito da 'yan banga, kuma akwai gidaje a ƙasarmu da wa da ƙane suka shekara ba su gaisa ba saboda wannan na Salama wancan na Sawaba.

Daga zauren alƙali zuwa kundin tsarin mulki

Abin da ya bambanta Malam Aminu da mai tayar da ƙura kawai shi ne bai bar waɗannan koke-koke su tsaya a bakin kasuwa ba. Jam'iyyarsa ta riƙa tattara su a rubuce, wane aka kama, a wace kotu, kan wane laifi, bulala nawa, tana aika wa Razdan da Gwamna da jaridu da 'yan majalisar Ingila. Ya halarci tarurrukan tsarin mulki da aka yi a Landan cikin shekarun 1950, inda buƙatunsa suka haɗa da zaɓe kai tsaye, da raba kotuna daga hannun masu mulki, da rubuta haƙƙoƙin ɗan ƙasa a cikin doka.

Ba shi kaɗai ke kuka ba. Ƙananan ƙabilu na Arewa da na Kudu su ma suna tsoron abin da zai same su idan Bature ya tafi. A 1957 aka naɗa hukumar Willink ta binciki wannan tsoro. A rahotonta na 1958 ba ta yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi ba, amma ta ba da shawarar a sa babi na 'yancin ɗan'adam a tsarin mulki, wanda aka tsara bisa yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 1950. An shigar da shi a 1959, gab da babban zaɓe, ya kuma shiga tsarin mulkin 'yancin kai na 1960. A wannan shekara ta 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, kuma daga shawararsu aka sami kundin Final Kod da ya fara aiki a 1960. Daga ranar, a ƙa'ida, ba a hukunta mutum sai kan laifin da ke rubuce, da hukuncin da ke rubuce.

A nan ya dace mu yi adalci. Waɗannan gyare-gyare gwamnatin NPC ce ta zartar da su, kuma daga 1961 zuwa 1966 Ministan Shari'a na Jihar Arewa shi ne Mamman Nasir, wanda daga baya ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya daga 1978 zuwa 1992, ya zama Galadiman Katsina Hakimin Malumfashi har Allah ya karɓi ransa a 2019. Tarihin shari'a a Arewa yana da masu turawa daga waje da masu gyara daga ciki, kuma garinmu yana da alaƙa da ɓangarorin biyu. Abin da muke gani shi ne, da babu matsin 'yan Sawaba da gyaran bai zo da wannan sauri ba.

Rubutu a takarda kuma bai kawo ƙarshen wahala nan take ba. A 1960, a shari'ar da aka sani da sunan Cheranci, babbar kotu a Kano ta tabbatar da dokar 1958 da ta hana yara shiga harkar siyasa, duk da sabon babin 'yanci da aka kafa hujja da shi. Kame da ɗauri sun ci gaba har faɗuwar jamhuriya ta farko. Sai a zamanin Janar Gowon, wanda Malam ya yi wa kwamishinan sadarwa daga 1967, daga baya na lafiya har 1974, aka soke kotunan sarakuna, aka mayar da kotunan alƙalai kotunan yanki ƙarƙashin ɓangaren shari'a na jiha, aka kuma karɓe 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Abin da NEPU ta nema shekara goma sha bakwai da ƙuri'a ba ta samu ba, soja ya yi shi da dokar soja. Akwai masu ganin zaman Malam a gwamnatin da ba zaɓaɓɓiya ba tabo ne a tarihinsa, kuma ba mu ce ba su da hujja ba.

Babi na huɗu da mu mazauna birane

A 1975 Janar Murtala Muhammad ya naɗa kwamitin mutum 49 ƙarƙashin Cif Rotimi Williams domin tsara sabon kundin mulki. Ƙaramin kwamitin da ya duba zama ɗan ƙasa da haƙƙoƙin ɗan'adam da jam'iyyu da dokokin zaɓe, Malam Aminu ne ya shugabance shi. Wato mutumin da mabiyansa suka sha ɗauri kan taro ba izini, shi aka ɗora wa duba sashen 'yancin taro. A cikin babban kwamitin akwai maƙwabcinmu ɗan Musawa, marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda shi da Dokta Segun Osoba suka ƙi amincewa da rahoton masu rinjaye suka rubuta nasu, domin a ganinsu ba a ba talaka abin da ya isa ba. Aikin wannan kwamiti ne ya haifi tsarin mulkin 1979, kuma babinsa na huɗu, da gyara kaɗan, shi ne babi na huɗu na tsarin mulkin 1999 da ake aiki da shi.

Muna roƙon mai karatu ya nemi wannan babi ya karanta, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa, domin bai fi 'yan shafuka ba, daga sashe na 33 zuwa na 46. Sashe na 34 ya haramta azabtarwa da wulaƙanci da aikin tilas. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, yana da ikon yin shiru har ya ga lauya, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, sai fa a manyan laifuffuka masu hukuncin kisa da aka yi wa togiya. Sashe na 36 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, ya kuma ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Sashe na 41 da na 43 sun ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama da mallakar fili ko gida a ko'ina cikin ƙasar. Sashe na 42 kuwa shi ne ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci a doka ko a aikin hukuma saboda ƙabilarsa, ko garinsu, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko don shi namiji ne ko mace.

Mun san abin da wani zai ce: to, ina takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma da ake tambayar 'ya'yanmu a kowace ƙofa? Gaskiya ne, kundin da ya hana bambanci shi ne kuma ya kawo rabon muƙamai bisa asalin jiha, kuma wannan karo da juna yana cikin abubuwan da suka hura wutar rikicin Jos tun daga 2001. Yaron da aka haifa a Agege, bai taɓa shan ruwan Malumfashi ba, dole ya zo gida neman takarda. Wannan gyara ne da ya rage ba a yi ba. Amma kafin mu yi kuka da abin da ake yi mana a garin wasu, ya kamata mu dubi yadda muke yi da baƙin da suka shekara hamsin a tsakaninmu, da kuma 'yan'uwanmu Maguzawa da Hausawa Kirista na ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur, waɗanda ba su da wani gari sai wannan. Sashe na 42 nasu ne kamar yadda yake namu.

Wanda aka tauye wa haƙƙi, sashe na 46 ya ba shi ikon zuwa babbar kotu kai tsaye. Wanda ba shi da kuɗin lauya akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa tun 1995, wadda ke karɓar ƙorafi ba tare da an biya ko kwabo ba. Akwai kuma Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a ta 1975, mai bin kadin wanda ma'aikata ko kamfani suka zalunta, kuma abin sha'awa, shugabanta na farko shi ne Maitama Sule ɗin nan da ya kayar da Malam a 1954. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Duk waɗannan suna aiki ne da takarda: kwanan wata, sunan wuri, sunan shaida, da kwafen abin da aka rubuta. Darasin nan na rasit da 'yan NEPU suka koyar bai tsufa ba.

Ba za mu ɓoye ba, akwai haƙƙin da ya fi waɗannan duka, wato na rai, kuma shi ne ya fi araha a yankinmu a 'yan shekarun nan, tun daga sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020 har zuwa kisan masallata a Unguwar Mantau a Agusta 2025. Kundin ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, sai dai ya sa wannan magana a babi na biyu, wanda ba a iya kai ƙara kotu a kansa.

Mata, mabuɗi da haraji

Tun a shekarun 1950 Malam yake neman a ba matan Arewa ƙuri'a da ilimi, lokacin da faɗin haka kan jawo wa mutum zagi a kan mumbari. Matan Kudu sun yi zaɓe kafin 'yancin kai, iyayenmu mata kuwa sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sa'annan babban zaɓen 1979.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, bayan ya ɗan zauna da waɗanda suka kafa NPN bai ga wurin zamansa ba, ya kafa PRP mai alamar mabuɗi. Hukumar zaɓe ta nemi hana shi takara kan takardun haraji, kotu ta wanke shi. Ya zo na huɗu a zaɓen shugaban ƙasa, amma jam'iyyarsa ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, kuma a lokacin muna cikin Jihar Kaduna, domin sai 1987 aka ba mu Jihar Katsina. Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya kayar da Alhaji Lawal Kaita, kuma da hawansa a Oktoba 1979 ya soke haraji da jangali, kamar yadda Alhaji Abubakar Rimi ya yi a Kano. Ya kuma kafa hukumar binciken gonakin da aka ƙwace wa talakawa. Duk wanda ya kai shekara sittin a cikinmu yana tuna kakar farko da manomi ya sayar da audugarsa ba mai jiran sa a ƙofar gida.

Daɗin bai daɗe ba. Majalisar jiha, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin gwamna, ta kuma tsige shi a watan Yuni 1981, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya gaje shi. Ita kanta PRP ta dare biyu, 'yan taɓo da suka tsaya tare da Malam, da 'yan santsi da suka bi gwamnonin biyu. Almajiransa na jiya suka zarge shi da sassauci ga gwamnatin Shagari, shi kuma ya ga sun yi gaban kansu sun bar jam'iyya a baya. Mun ji hujjojin kowane ɓangare daga bakin waɗanda suka yi abin, kuma ra'ayinmu shi ne Malam ya fi gwanancewa wajen tsayawa gaban mai mulki fiye da riƙon jam'iyyar da ta sami mulki.

Yana shirin takarar 1983, har ya ɗauki mace a matsayin mataimakiya, Allah ya yi masa rasuwa ranar Lahadi 17 ga Afrilu 1983, yana da shekara 62. An binne shi a gidansa na Gwammaja, gidan da bai fi na matsakaicin malamin makaranta ba, bayan ya yi minista na shekara bakwai. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa da kwalejin nazarin shari'a duk suna ɗauke da sunansa. Gidan kuma, wanda ake kira Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero a matsayin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, an adana ɗakinsa da littattafansa da kayan sawarsa, kuma 'yan ƙungiyarmu mazauna Kano da ke son kai 'ya'yansu za su same shi a buɗe a ranakun aiki.

Allah ya gafarta masa, ya gafarta wa iyayenmu da kakanninmu na Salama da na Sawaba baki ɗaya, amin.